Ƙwaya Biyar Bayan Isha'i

Shekara ashirin da uku ina aikin dare a masaƙa,
ina sayar wa injinan Kakuri barcina
a kan albashin ƙarshen wata.
Yau masaƙar ta mutu, ciyawa ta cinye ƙofarta,
jemagu sun gaji ɗakin rini.
Na je da hannu biyu in karɓi ajiyata,
aka ce mai ajiyar ya yi ƙaura, ya tafi da barci.

Ƙarfe biyun dare, na san ta kamar tafin hannuna.
Na san karen gidan Bulus, mai tari kafin haushi,
na san janareton mai burodi,
na san ɗigon da ke bin ɓular kwano ya faɗa bokiti.
Tasalla na gefe tana jan minsharinta a hankali,
ni ina lissafin kuɗin sallamar da ba a biya mu ba,
in tara, in ɗebe, in sake tarawa,
har ladan ya gyara murya, idona biyu, bakina cike da takaici.

Ran Laraba Rumasa'u ta biyo daga asibiti,
ko farin kayan aikinta ba ta cire ba.
"Baba, akwai masu binciken da ke zaton
ɗan wolnot da yamma kan taimaki masu shekarunka.
Zato ne fa, kar ka ce na ce magani.
Nasu ma na ƙetare ne, namu ɗan'uwansa ne a suna.
Ka gwada, ka bar shayin dare."
Na ce, ni da na sha saiwa, na sha ƙwayar bature,
abin da ya gagari gatari, farce zai sare?
Ta yi dariya: "In ya ƙi, ai ka ci abinci."

Iya Mulika ce ke da shi a bakin tasha,
baƙaƙe, dafaffu, biyar-biyar a ƙullin leda.
Ita asala take ce masa.
Ta miƙo, ta ɗaga mini yatsa:
"Baba, kar ka bi shi da ruwa."
Daren farko na bi shi da ruwa,
don tsoho ba ya jin magana sai ya ɗanɗana.
Kai! Ko maɗaci bai kai shi ɗaci.

Haƙorana sun yi ritaya kafin ni,
don haka Tasalla ce ke fasawa da gindin ludayi.
Tana fasawa, ina ci, tana satar ɗaya.
A kan tabarmar nan muka tono gadar da muka fara haɗuwa,
da shekarar da kogi ya shigo mana har ɗaki,
da yaronmu na fari da bai yi kwana arba'in ba,
wanda muka daina ambata ba tare da mun yi shawara ba.
Ashe akwai abin da ke zaune a ƙirjina, ya fi dare ƙunci.

Dare na tara, an yi ruwa.
Ban ji kare ba, ban ji janareto ba.
Sai hannu a kafaɗata: "Malam, an kusa tayar da salla."

To, wa zan gode wa bayan Allah?
Asalar ce, ko shayin da na bari,
ko ruwan Agusta a kan kwano,
ko bakin matata da ya buɗe?
Rumasa'u ta ce mutum ɗaya ba ya zama hujja.
Gaskiyarta. Jiya ma sai da na gaisa da ƙarfe biyu,
amma gaisuwar tsaye muka yi, ban ba ta wurin zama ba.

Iya Mulika ta ce damina na ɗaukewa, asala za ta ɗauke,
za ta koma sayar da lemo.
Na gaya wa Tasalla.
Ta ce, "Sai mu ɓare gyaɗa."
Ta share ɓawon, ta naɗe tabarma,
ta ce in taso, dare ya yi, kowane abu da nasa lokaci.